Darasi: Sake Tsara Ƙwaƙwalwar Injin Babur

Kowane injin babur mai amfani da fetur yana aiki ne da abu uku: iska, mai da tartsatsin wuta. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da mai, ya hau ya matse su, buji ya ba da wuta, abin da aka matse ya kama ya tura fistin ƙasa da ƙarfi, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Idan babur yana kan hanya, wannan yana faruwa sau dubbai a cikin minti ɗaya. A kowane zagaye kuwa akwai tambaya biyu da dole a amsa su daidai: mai nawa za a zuba wa iskar da ta shigo, kuma a wane lokaci ne buji zai ba da wuta? Duk zancen sake tsara ƙwaƙwalwar inji a kan waɗannan tambayoyi biyu yake tafiya.

An auna an gano cewa fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa awo 1 na mai da awo 14.7 na iska, ta fuskar nauyi. Idan man ya ɗan fi haka, kamar awo 1 ga awo 12.5 zuwa 13 na iska, injin yana ba da iyakar ƙarfinsa, amma yana shan mai, hayaƙinsa kuma yana ƙara guba. Idan man ya yi ƙasa ana samun sauƙin mai, sai dai injin yana ɗaukar zafi, kuma in abin ya yi yawa sai ya riƙa sarƙewa. Lokacin wuta ma haka yake. Buji yana kunnawa ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, saboda wuta tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta game. Wutar da ta makara tana zubar da ƙarfi. Wadda ta yi gaggawa fiye da kima kuwa tana sa gaurayen ya fashe maimakon ya ci a hankali, sai a ji wata ƙara siririya a cikin inji kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan fashewar ita ce ke karya ringi, ta huda kan fistin.

Wane babur ne yake da ƙwaƙwalwa?

Kafin a yi maganar riba ko asara, sai an fara sanin ko akwai abin da za a sake tsarawa tun farko. Baburan da suka cika ƙasar Tondikandiya da Kurfai, daga Damana zuwa Filinge, da waɗanda ke jere a kasuwar Baleyara ranar Lahadi, mafi yawansu ƙananan babura ne masu inji 100 zuwa 150, ƙirar Sin da ta Indiya, irin su Kasea, Haojue da Bajaj Boxer. Irin waɗannan, kamar yadda aka saba kawo su Afirka ta Yamma, da kafireto suke aiki. A kafireto babu lissafi ko kaɗan. Iska ce ke wucewa ta wani maƙogwaro ta zuƙo mai ta cikin ƴar ƙaramar huda, wato jet, kuma girman hudar da matsayin allurar da ke cikinta su ne ke yanke yawan man. Wutar buji kuma wani ɗan baƙin akwati ne ke ba da ita, wanda makanikai ke kira CDI. Mutane da dama suna ɗaukar wannan akwatin a matsayin ƙwaƙwalwa, alhali aikinsa guda ne: ya tara wuta ya sake ta a lokacin da aka gina shi a kai. An cika cikinsa da ƙaro an toshe, kuma wanda ke zuwa da irin waɗannan babura ba shi da wata kafa da za a jona kwamfuta. Idan ya mutu sai dai a jefar a sayi wani.

Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan zai sake tsara ƙwaƙwalwar babur mai kafireto, ya karɓi kuɗin aikin da babu shi.

Babur mai ƙwaƙwalwa shi ne wanda ake fesa wa mai da injekta. A cikin tankinsa, ko kusa da shi, akwai famfo mai aiki da batir, wanda ake jin ƴar ƙararsa da zarar an murɗa makulli. A jikin injin akwai ƙananan na'urorin awo: ɗaya tana auna yadda aka buɗe totur, wata tana ƙirga juyin inji, wata zafin inji, wata zafi da nauyin iskar da ke shiga, wata kuma tana maƙale a salansa tana auna ragowar oksijin da ke cikin hayaƙi. Dukansu suna aika saƙo zuwa wata ƙaramar kwamfuta da kamfanoni ke yi wa laƙabi da ECU. A cikinta an rubuta jadawali: idan inji yana juyi kaza, totur kuma yana buɗe kaza, to a buɗe injekta na tsawon lokaci kaza, a ba da wuta a daidai wuri kaza. Sake tsarawa shi ne a jona kwamfuta a goge waɗannan alƙaluma a rubuta wasu.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Kawasaki ya fitar da babban babur mai injekta a 1980, BMW ya biyo da K100 a 1983, daga baya Honda ya sauko da ita kan ƙananan babura a kasuwannin Asiya. Abin da ya yaɗa ta dai dokokin hayaƙi ne. Ƙasar Sin ta tsaurara dokarta a kan babura daga Yulin 2019, Indiya kuma daga 1 ga Afrilun 2020, har ya zama kusan duk sabon babur da ake sayarwa a cikin ƙasashen biyu ya bar tsohon kafireto. Waɗannan ƙasashe biyu su ne ke ƙera mafi yawan baburan da ake hawa a Nijar. Masana'antunsu suna ci gaba da yi wa Afirka masu kafireto saboda araha da sauƙin gyara, amma masu injekta sun fara shigowa, sababbi da na hannu, kuma babu alamar za su ragu. Wannan shi ya sa batun sake tsarawa ya shafi mai babur a Damana ko Bonkuku, ko da a yau nasa mai kafireto ne.

Abu uku da ake rikitawa

Idan aka jona na'ura a jikin babur mai injekta, aiki iri uku ake iya yi, kuma ya kamata mai biyan kuɗi ya san wanne aka yi masa. Na farko shi ne bincike: ƙwaƙwalwar tana ajiye lambar duk wata matsala da ta gani, ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, na'urar bincike kuma ta karanto lambar ta faɗi inda ciwon yake. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, ba ya taɓa jadawali. Na biyu shi ne goge lambobin bayan an yi gyara, don fitilar ta mutu. Idan aka goge ba tare da an gyara ba, fitilar za ta dawo bayan ƴar tafiya. Na uku ne kaɗai sake tsarawa ta gaskiya. Akwai kuma wata dabara da ke kusa da ita: a saka wani ƙaramin akwati tsakanin ƙwaƙwalwa da injekta, kamar wanda kamfanin Dynojet na Amurka ke sayarwa da sunan Power Commander, ya riƙa gyara saƙon a kan hanya ba tare da an goge na asali ba.

Ƙarfi nawa ake samu?

Nan ne gizo yake saƙa. Ƙarfin inji yana fitowa ne daga yawan iskar da zai iya zuƙa ya ƙona mai da ita. Silinda kamar tiya ce: ko wa ya riƙe ta, ba ta ɗaukar hatsin da ya wuce bakinta. Inji 125 yana zuƙar abin da girman silindarsa da faɗin bawul ɗinsa suka ba shi dama, kuma babu alƙalamin da za a rubuta a kwamfuta ya faɗaɗa ƙarfe. Abin da jadawali zai iya yi shi ne ya kyautata amfani da iskar da ta riga ta shiga, ta hanyar ƙara ɗan mai da matso da lokacin wuta. A injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa iska da ƙarfi, abin da ake samu ta wannan hanya bai wuce ƴan kaɗan cikin ɗari ba.

Labaran da ake ji na mota ta ƙara ƙarfi sosai bayan an taɓa ƙwaƙwalwarta gaskiya ne, amma yawanci motoci ne masu tabo. A can ƙwaƙwalwa ce ke yanke yawan iskar da za a cusa, don haka canza alƙaluma yana ƙara iskar kanta. Ƙaramin babur ba shi da wannan.

A ɗauki misali da lissafi. Babur mai inji 125 yana ba da ƙarfin doki kusan 10. A ce gwani ya yi aiki mai kyau ya samo ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Rabin doki ke nan. Shi kuma gudu ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfi, domin iskar da ke bugun ƙirjin direba tana ƙara nauyi da sauri fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: kafin a ninka gudu sau biyu sai an ninka ƙarfi kusan sau takwas. Ƙarin kashi 5 na ƙarfi bai kai ƙarin kashi 2 na gudu ba. Babur ɗin da iyakarsa kilomita 90 a awa zai koma 91 da ɗoriya. A tafiyar Filinge zuwa Yamai, mai nisan kusan kilomita 180, ko da a ce ana iya riƙe iyakar gudu daga farko har ƙarshe, abin da aka rage bai wuce minti biyu ba.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan jan hankali. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Tsakanin safiyar hunturu mai awo 20 da tsakar ranar watan Afrilu mai awo 45, nauyin iskar da silinda ke zuƙa yana raguwa da kusan kashi 8 cikin ɗari. Ke nan abin da rana take ƙwace wa inji a bazara ya fi abin da mai kwamfuta zai ƙara masa. Matatar iska da ƙura ta toshe kuwa tana iya cin abin da ya fi haka.

Wasu ba ƙarfi suke nema ba, sauƙin mai suke so. A nan ma ƙofar ƙarama ce, domin kamfani ya riga ya tsara jadawalinsa kusa da inda mai ke ƙonewa tas, saboda dokar hayaƙi ta tilasta masa, kuma tsimin mai yana cikin abin da yake tallar babur da shi. Bugu da ƙari, a tafiya ta yau da kullum na'urar awon oksijin tana gyara yawan man da kanta, ta mayar da shi kan 14.7. Tsarin da aka yi don ƙarin ƙarfi ma ƙara shan mai yake yi. Amma a ƙaddara an samu ragin kashi 3 cikin ɗari. Ɗan kabu-kabun da ke ƙona lita 3 a rana, a farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa lita a Yulin 2024, yana kashe kusan sefa 1,500. Ragin ya kama sefa 45 a rana. Idan aikin da kuɗin kai babur birni sun ci, a misali, jaka 50, sai ya yi shekara uku yana aiki kullum kafin ya mayar da kuɗinsa, in har injin bai samu matsala ba a tsakani.

Inda aikin yake da ma'ana

Ba a ce sake tsarawa yaudara ce a ko'ina ba. Sana'a ce ta gaske a Turai, Amurka da Japan, kuma tana da dalilanta. Manyan babura da yawa ana fitar da su ne a daure da gangan. A Faransa doka ta hana babur wuce ƙarfin doki 100 har zuwa 2016, don haka injin da aka gina ya ba da fiye da haka sai a rage shi kafin a sayar. A Tarayyar Turai mai matsakaicin lasisi ba ya hawa abin da ya wuce kilowat 35, kamfanoni kuma suna sayar da babur guda a daure ko a sake. Tun wajajen 2000 manyan kamfanoni suka tsayar da gudun baburansu a kilomita 299 a awa. A irin waɗannan ƙarfin yana nan a cikin ƙarfe, alƙalami ne ya riƙe shi, shi ya sa cire alƙalamin yake nuna bambanci. Ƙaramin babur na aiki ba a ɓoye masa wani ƙarfi ba. Abin da ya iya shi yake bayarwa.

Haka kuma idan aka canza wa inji kayan ciki, aka sa babbar silinda ko wani salansa da ke sakin hayaƙi da sauri, iskar da ke ratsa shi ta canza, tsohon jadawali bai dace da shi ba kuma, dole a gyara. Masu tseren babura a filin da aka keɓe suna yin haka kullum. Wani lokaci kamfanin da kansa ne ke gano kuskure a tsarinsa ya fitar da gyara, wakilinsa ya saka wa masu babur. Wannan ya kamata a karɓa. Idan ƙwaƙwalwa ta ƙone aka sayo sabuwa, a baburan da makullinsu ke da lambar tsaro sai an haɗa ta da makullin ta kwamfuta kafin inji ya tashi. Wannan ma gyara ne na dole.

Ko a inda aikin ya dace, yana da sharaɗi. Ana ɗora babur a kan na'urar gwajin ƙarfi, tayar baya tana juya wani babban gangan ƙarfe, an sa ma'auni a salansa, ana gwada kowane mataki na totur da juyin inji ana gyara alƙaluma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sauko da fayil daga intanet ya ɗura a babur, sannan ya zaga unguwa ya ce ya ji ya ƙara ja, bai auna komai ba. Sau da yawa abin da aka canza shi ne saurin amsa totur: babur ya riƙa zabura da an ɗan murɗa, direba ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali iyakarsa tana nan inda take.

Zafi, rairayi da man kwalba

Kamfani ba ya tsara inji a bakin iyakarsa. Yana barin rata, saboda ya san babur zai faɗa hannun wanda zai ɗora masa buhu biyu da fasinja, ya sha man da ba a san asalinsa ba, ya yi tafiya a rana mai ƙuna. Mai sake tsarawa daga wannan ratar yake ciro ɗan ƙarin da yake sayarwa. A ƙasa mai sanyi da kwalta da tataccen mai, ana iya cin wani abu daga ratar a zauna lafiya. A ƙasar Kurfai da Tondikandiya ratar tana aiki kowace rana.

Ƙananan baburan nan iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Da an sauka daga kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara zuwa Filinge, aka shiga rairayin Dallol Bosso, sai babur ya koma giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a buɗe, inji yana kuka, gudu kuwa kaɗan. Wato lokacin da inji ya fi haifar da zafi shi ne lokacin da iskar da ke sanyaya shi ta fi ƙaranci. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura awo 40, ita kanta iskar da zafinta take zuwa. Injin da aka rage wa mai ko aka matso masa da wuta, a irin wannan wuri yake fara ƙwanƙwasa. Motocin fetur na zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja da wuta baya nan take. Yawancin ƙananan babura ba su da ita.

Sai batun mai. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 Nijar take tace man kanta, amma gidan mai ba ya kowane gari, kuma mai babur a ƙauye da man kwalba na ƴan ruwa-ruwa yake tafiya. Wani mai kyau ne, wani ya daɗe a jarka a rana, wani da ruwa ko ƙasa a gindinsa, wani ma an gauraya shi. Jadawalin kamfani an yi shi ne ya jure mai mai rauni. Jadawalin neman ƙarfi kuwa yana ɗauka cewa kullum mai mai inganci za a zuba, kuma ranar da aka saɓa, fistin ne zai biya.

Shi kansa aikin ɗurawar yana da haɗari. Idan batir ya yi sanyi ko waya ta motsa ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa gaba ɗaya, babur ya ƙi tashi. Idan ba a adana jadawalin asali ba kafin a goge, babu hanyar komawa. Fayil ɗin da aka yi wa wani samfuri, ko wanda aka yi wa kasuwar wata ƙasa, yana iya shiga lafiya amma ya riƙa cin inji a hankali. CDI idan ya mutu ana samun wani a kasuwar mako a ɗaura a ƙarƙashin bishiya. Ƙwaƙwalwa kuwa sai an aika Yamai, wani lokaci sai an yi odar ta daga waje, babur yana jingine, mai shi yana asarar abin da yake ci da iyali. Garantin kamfani ma yana faɗuwa da zarar an gano an taɓa tsarin.

A ƙasashe da dama doka ta shiga maganar, saboda sake tsarawa yakan lalata aikin rage gubar hayaƙi. A 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dalar Amurka miliyan 12 saboda sayar da na'urorin canza tsarin inji kusan 340,000 da suka sa baburansa fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida. A jihar Tillaberi kuwa babur ya riga ya zama abin da hukuma ke sa wa ido saboda matsalar tsaro: an hana zirga-zirgarsa a sassa da dama daga farkon 2020, aka sassauta a 2021, daga baya aka sake mayar da hanin a wasu wurare. A irin wannan hali, babur mai fasasshen salansa da ƙara mai firgitarwa, wanda sau da yawa shi ke rakiyar neman ƙarin ƙarfi, ba ya jawo wa mai shi alheri.

Ko da an samu gudun da ake nema, birkin bai canza ba. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 60 zuwa 80 a awa nisan yana kusan ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa a hatsari da kusan kashi 4. A hanyar da shanu, awaki da amalanke ke tsallakawa ba sallama, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Takwaran wannan aiki a babur mai kafireto

Sha'awar da ke sa mai babban babur a Turai ya nemi mai kwamfuta, ita ce ke sa mai ƙaramin babur a nan ya ce wa makanike ya rage masa shan mai ko ya ƙara masa wuta. Makanike ya sa ƙaramin jet, ko ya sauke allura, ko ya ɗaura wani CDI da aka rubuta wa sunan tsere a kwalinsa. Ka'idar ɗaya ce, haɗarin ma ɗaya ne. Ƙaramin jet yana rage mai ya ƙara zafi. CDI na tsere yana matso da wuta, ko ya bar inji ya yi juyin da ya wuce abin da bawul da sandar fistin za su jure. Alherin kafireto shi ne buji yana ba da shaida: bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance shi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske alamar daidai ce. Baƙi mai gawayi yana nuna mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Fari fat kuwa gargaɗi ne cewa mai ya yi kaɗan, inji yana ƙuna, a gaggauta mayar da jet na asali.

Abin da ke dawo da ƙarfi da gaske

Babur ɗin da mai shi ke kukan ya rage ja, kusan kullum ƙarfin da yake da shi ne ya zube, kuma ana iya dawo da shi da kuɗi kaɗan. Matatar iska ce farko. A lokacin hunturu, da ƙura ke tashi, tana buƙatar dubawa a kai a kai; ta soso a wanke a shafa mata ɗan mai, ta takarda a canza. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don inji ya numfasa, yana ba ƙasa hanyar shiga ta cinye ringi da silinda cikin ƴan watanni. Sai juyen baƙin mai a kan lokaci, da saita tazarar bawul yadda littafin babur ya faɗa, da sabon buji, da sarƙa mai tsabta wadda ba ta yi tauri ko sako-sako ba, da iskar taya daidai, da duba ko birki yana kamawa da kansa.

Mai ɗaukar kaya a rairayi da ke son ƙarin ja yana da wata hanya da lissafinta yake a fili. Idan ƙaramin faranti mai haƙora na gaba, wanda ke jan sarƙa, yana da haƙori 15 aka sa mai 14, ƙarfin da ke isa taya yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowace giya. Abin da aka bayar a madadi shi ne ɗan ragin iyakar gudu da ɗan ƙarin mai a doguwar kwalta. Wannan ya fi abin da sake tsarawa ke bayarwa a ƙaramin inji, kuɗinsa kaɗan ne, kuma wanda bai ji daɗinsa ba yana iya mayar da tsohon a cikin rabin awa.

Wanda ya riga ya mallaki babur mai injekta, kulawarsa ta ɗan bambanta. A tace mai da tsumma mai tsabta kafin a zuba, domin hudar injekta ƙanƙanuwa ce. Kada a saba barin tanki ya ƙafe, saboda man ne ke sanyaya famfo. A kula da batir, kada a juya kawunansa, kuma a cire shi tare da wayar ƙwaƙwalwa kafin mai walda ya taɓa jikin babur. Idan fitilar gargaɗi ta kama, a nemi mai na'urar bincike ya karanta lambar kafin a fara canza kaya da ka.

A nan ne ma matasan da ke koyon kanikanci a Filinge, Baleyara da Damana ya kamata su sa ƙarfinsu. Babura masu injekta suna tafe, kuma abin da za su buƙata shi ne wanda ya iya karanta lambar matsala, ya auna waya da mita, ya gwada famfo, ya wanke injekta. Wannan ilimi zai ci da mai shi shekaru masu yawa.

Game da ko ya kamata a sake tsara ƙwaƙwalwar babur, hukuncin a fili yake. Babur mai kafireto ba shi da abin da za a sake tsarawa. Ƙaramin babur mai injekta da ake neman abinci da shi, ko ake kai mara lafiya asibiti a kansa, a bar shi a kan jadawalin kamfani, sai fa idan kamfanin ne ya aiko da gyara. Sake tsarawa ta cancanci kuɗinta ne kawai a babban babur da aka daure ko aka canza wa kayan inji, a hannun gwani mai na'urar gwaji, bayan an adana tsarin asali, kuma inda ake da tabbacin man da za a riƙa zubawa.